Baba yana roƙon ruwa bayan tiyata, a ba shi ko a hana?

Maman Sudais: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah duk wanda ya san harkar asibiti a cikinku ya taimaka min yanzu-yanzu. Ina asibiti a nan Makka da Babanmu, shekararsa 74. Yau aka yi masa tiyatar hanji, an yanke wani ɓangare an haɗe. Rabonsa da ruwa tun ƙarfe 12 na daren jiya, ga maganin wankin ciki da suka ba shi jiya da rana, ya wuni yana zagawa. An ce da safe za a shiga da shi, ba a shiga ba sai bayan Azahar. Yanzu ya farfaɗo, ya gane ni, ya gane ƙanena, amma ba abin da yake faɗa sai ruwa. Leɓensa duk ya tsattsage, harshensa ya yi fari ya manne a dasashi, da ƙyar magana take fita. Sun liƙa takarda a saman gadon cewa kada a ba shi komai ta baki. Na yi wa nas magana, ta nuna min ledar ƙarin ruwa ta wuce. Baba ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci, ni kaɗai yake riƙe wa hannu yana cewa "'yar nan, ko kurɓi ɗaya." Ina da gorar Zamzam a jaka. Wallahi zuciyata ta kasa ɗauka. In ba shi ko kaɗan ne?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ki yi bisimilla ki ba shi Zamzam ɗin nan 'yar'uwa. Zamzam ai magani ne, ba ruwan famfo ba ne. Ta yaya dattijo zai roƙi ruwa a garin Makka a hana shi?

Hajiya Inna ta Misfala: Kul! Kada ki kuskura 'yata. Tun muna yara a Kano muke ji cewa wanda aka yi wa fiɗa in ya sha ruwa kafin likita ya yarda, to sai dai wani ba shi ba. Ki daure. In ba za ki iya kallonsa ba ki fita waje ki yi ta salati, ƙanenki ya zauna.

Abu Rayyan: Allah ya sawwaƙe, ya tashi kafaɗunsa.

Maman Sudais: Amin. To ga shi kun raba min hankali biyu, gaba kura baya siyaki.

Ummu Hanan: Maman Sudais, ajiye gorar nan tukuna ki saurare ni. Ni nas ce a Jidda, a ɗakin farfaɗowa nake aiki, inda ake ajiye mutum in an fito da shi daga tiyata. Kukan da Baba yake yi kullum sai na ji irinsa. Sau da yawa mutum zai farka bai ce min ciwo ba, bai tambayi iyalinsa ba, abin da zai fara cewa shi ne moya, wato ruwa da Larabcin nan. Don haka ba raki Baba yake yi ba, azaba ce ta gaske.

Amma kada ki ba shi da kanki. Dalili biyu ne. Na farko hanjinsa aka ɗinka, kuma likitan da ya yi aikin ne kaɗai ya san yadda ya bar cikin da lokacin da yake so a fara saka wani abu. Na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro a daren nan, shi ne haɗiya. Maganin barci bai gama barin jikinsa ba, maƙogwaronsa ya sha bututu na awanni, ga shekaru. Ruwan zai iya kauce wa hanyar ciki ya faɗa hanyar numfashi, kuma tsoho yakan sarƙe ba tare da ya yi tari ba, ba ki sani ba shi ma bai sani ba.

Sai dai "kada a ba shi komai ta baki" ba ya nufin a bar bakin ya bushe ƙayau. Ki danna ƙararrawa, in nas ta zo kada ki ce mata yana son ruwa, don amsar wannan a'a ce kuma ta riga ta ba ki. Ki ce mata bakinsa ya bushe, kina so a goge masa baki, kuma kina so ta kira likitan da yake kan aiki ta tambaye shi ko an yarda ya tsotsi ƙanƙara kaɗan. In ba ku fahimci juna ba ki nemi shugabar nas-nas ta wannan sashe, ko wani ma'aikaci mai jin Larabci. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba ce.

Kafin su zo, ki duba ko an cire masa haƙoran roba in yana da su. Ki wanke hannu, ki jiƙa shash mai tsabta, wato farin ƙyallen nan na asibiti da ake rufe ciwo da shi, ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki goge leɓe, dasashi, cikin kumatu da saman harshe a hankali. Wannan ba sha ba ne, a asibiti muna yi wa ko wanda yake kan injin numfashi.

Maman Sudais: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na danna. Haƙoran tun safe suna hannuna a roba.

Abu Rayyan: Ni abin da ya ɗaure min kai, ga leda ana ta ɗura masa ruwa ta jijiya. To ƙishirwar ta mece ce kuma? Ba ruwan ne yake shiga jikin ba?

Likita Abu Fawwaz: Assalamu alaikum. Yanzu na fito na ga wannan magana. Ni aikina sa barci a ɗakin tiyata, a Madina nake. Abin da Ummu Hanan ta faɗa shi ne daidai, a bi shi.

Abu Rayyan, tambayarka tana da kyau, don har wasu ma'aikata haka suke ɗauka. Ƙwaƙwalwa ba jini kaɗai take saurara ba wajen ƙishirwa, tana sauraren baki da maƙogwaro. Ka lura da lokacin buɗa baki a Ramadan: kana shan kofi ɗaya mai sanyi ƙishirwar ta kwanta nan take, alhali ruwan bai ma bar tumbi ya shiga jini ba, sai bayan wasu mintoci. Baki ne ya aika saƙo cewa ruwa ya iso. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa akasin haka ne ya same shi, jijiya ta samu, baki bai shaida komai ba.

Ga kuma abubuwan da suka taru a kan dattijon nan. Awanni masu yawa ba sha. Wankin ciki, wanda shi kaɗai yana zuƙe ruwan jiki sosai. Jinin da ya zuba lokacin aiki. Bakinsa a buɗe da bututu tsawon tiyatar cikin sanyin na'ura. Sannan akwai magungunan da mu da kanmu muke bayarwa, irin su atirofin da danginsa, waɗanda suke tsayar da yawu, kuma maganin ciwo mai ƙarfi kamar mofin shi ma yana busar da baki. Iskar oksijin da aka saka masa a hanci ita ma busasshiya ce. Ka ƙara da fargaba, wadda ko mai lafiya tana ƙafar masa da yawu. Ba mamaki ya ce ruwa.

Baban Yusra: Likita, da girmanka, amma ni ina ganin ku likitoci kuna tsananta abin. Ni da aka yi min aikin ƙaba, ko awa uku ban yi da fitowa ba suka kawo min lemon kwali na shanye, ga ni nan garau. Kuma ni maganar Zamzam nake yi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ruwan Zamzam yana ga abin da aka sha shi dominsa. Ko mun daina yarda da wannan ne?

Malam Abu Huzaifa: Ba mu daina ba ɗan'uwa, hadisin yana nan, Ibn Majah ya ruwaito shi. Amma albarkar Zamzam ba ta fitar da shi daga zama ruwa ba. Ta maƙogwaro yake bi kamar kowane ruwa, kuma ko a cikin Harami mutum yana ƙwarewa da shi in ya yi gaggawa. Wanda ya faɗi falalar Zamzam shi ne ya ce babu cuta babu cutarwa, shi ne kuma ya yi umarni da neman magani. Ba a ɗaukar hadisi ɗaya a doke ɗaya da shi. Masana sun ce in ya sha yanzu akwai haɗari, to a jira. Kuma hanya a buɗe take: shash ɗin da za a goge masa baki da shi a jiƙa da Zamzam, a yi masa addu'a. In an yarda da ƙanƙara, a daskarar da Zamzam ɗin. Hajiya Inna, ke ma ina da magana da ke cikin ladabi. Cewa 'yarsa ta fita waje ta bar shi da ƙishirwa bai kwanta min ba. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, ya ce shayar da ruwa. In ba ta da ikon shayarwa a daren nan, tana da ikon jiƙa masa leɓe ta zauna kusa da shi.

Likita Abu Fawwaz: Baban Yusra, rabin maganarka ina tare da kai, kuma zan faɗa a fili. Gaskiya ne ana wahalar da marasa lafiya da ƙishirwa fiye da yadda ya kamata. Wannan "daga ƙarfe 12 na dare kada ka ci kada ka sha" tsohon tsari ne. Tsoron yana da asali: a 1946 wani likita a Amurka mai suna Mendelson ya bayyana yadda abin da ke cikin tumbi yake taso wa mata masu haihuwa a ƙarƙashin maganin barci ya shiga huhu. Daga baya hanin ya zarce har ya haɗa da ruwa zalla. Amma tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa ruwa mai garai-garai, kamar ruwan sha ko shayi ba madara, ana iya shansa har zuwa awa 2 kafin tiyata, abinci mara nauyi awa 6, mai maiƙo awa 8. Ruwa ba ya daɗewa a tumbi. Mutum ya kwana ya wuni ba ɗigon ruwa saboda an ɗaga lokacin aikinsa, wannan yana ɓata min rai duk lokacin da na gani. Ko bayan tiyatar hanji ma, a tsarin da wani likitan fiɗa ɗan Denmak mai suna Kehlet ya faro a shekarun 1990, ana fara ba mutum abin sha da wuri, ba a jira kwana da kwanaki kamar da.

Rabin da ba na tare da kai shi ne auna kowa da kanka. Kai ƙaba aka gyara maka, ba a yanki hanjinka ba, kuma ba ka kai 74 ba. Akwai wanda hanjinsa ya toshe, akwai mai bututu a hanci ana zuƙo abin da ke cikinsa, akwai mai ciwon suga da tumbinsa yake jinkirin sauke abinci, akwai wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki haɗiyarsa ta raunana. Daga waya ba zan iya sanin wanne ne Baban Maman Sudais ba. Wanda yake tsaye a kansa shi zai sani.

Yaya Asabe: Bari in sa baki. Ni jinya ce sana'ata a nan Jidda, iyalai suna ɗauka ta in zauna da tsofaffinsu a asibiti. Abin da idona ya gani zan faɗa. Akwai wani dattijo a gadon da ke kusa da namu, an yi masa aikin ƙashin ƙugu. Cikin dare ɗansa ya ja labule, ya buɗe gora ya ɗora masa a baki yana kwance flat, ko matashi bai ƙara masa ba. Tausayi ne ya sa shi, na sani. Tsohon bai yi wani tari mai ƙarfi ba, sai dai muryarsa ta canza, tana gurgur kamar akwai ruwa a wuya. Washegari da yamma zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, suka tura gadonsa ɗakin kulawa ta musamman. An ce ruwa ne ya shiga huhu ya zama nimoniya. Ya rayu, amma aikin da ya kamata a sallame shi cikin mako sai da ya kusa wata. Kuma yaron bai faɗa wa likitoci ya ba shi ruwa ba sai da aka matsa masa. Don Allah ko me za ku ba mara lafiya, kada ku yi a ɓoye, kuma kada ku ba shi yana kwance.

Hajiya Inna ta Misfala: To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Ummu Hanan: Hajiya, kusa ne amma ba ɗaya ba ne. Ba ruwan ne ya cuce shi ba, yadda aka ba shi ne da lokacin da aka ba shi.

Maman Sudais: Alhamdu lillahi 'yan'uwa. Wata nas ta zo, na faɗa mata yadda Anti ta ce. Ta ɗaga kan gadon ya zama kamar a zaune yake. Ta sa na tambaye shi sunansa da inda yake, ya amsa. Ta ce ya yi tari, ya riƙe matashi a cikinsa ya yi. Ta ɗora yatsa a maƙogwaronsa ta ce ya haɗiyi yawu. Ta tambaya ko zuciyarsa tana tashi, ya ce a'a. Sannan ta buga wa likita waya, ya ce sha dai sai da safe in sun duba shi, amma ƙanƙara kaɗan-kaɗan ba laifi. Ta kawo dakakkiya a ƙaramin kofi da cokali. Na saka masa gutsure ɗaya a harshe, ya lumshe ido yana juya shi a baki, na ga hawaye ya gangaro masa ta gefe. Bayan na uku ya saki hannuna. Yanzu haka ya yi barci.

Abu Rayyan: Allahu Akbar. Allah ya ƙara sauƙi.

Hajiya Inna ta Misfala: Alhamdu lillahi da ya samu barci. Amma ni fa ƙanƙarar nan ba ta kwanta min ba. Tsoho, mara lafiya, an farka masa ciki, ga sanyin na'ura, sannan a ba shi ƙanƙara? Sanyi zai kama masa ƙirji. Me ya hana a ba shi ruwan ɗumi cokali ɗaya?

Ummu Hanan: Hajiya, na san wannan tsoron, mahaifiyata ma haka take cewa. Ki duba yawan abin. Gutsuren da ake magana in ya narke bai fi cokalin shayi ba, wato kusan mililita 5, kuma kafin ya wuce maƙogwaro ya riga ya ɗumama a baki. Abin da yake kama ƙirjin tsoho bayan tiyata shi ne sarƙewa, da kwanciya wuri ɗaya, da ƙin yin tari da dogon numfashi saboda tsoron ciwon ɗinki.

Dalilin zaɓar sanyi kuwa, a cikin baki akwai wasu jijiyoyi masu jin sanyi, masana suna kiran mashigarsu TRPM8. In sanyi ya taɓa su sai ƙwaƙwalwa ta ji an ƙoshi da ruwa, ko da abin da ya shiga kaɗan ne. Mu kuwa abin da muke nema ke nan: a kashe ƙishirwa mai yawa da ruwa kaɗan, don kada ciki ya cika a yi amai. Wasu nas-nas a jami'ar Londrina ta ƙasar Brazil sun daɗe suna bincike a kan ƙishirwar masu tiyata. Sun gwada ƙanƙara da ruwan da ba sanyi, ƙanƙara ta fi kwantar da ƙishirwa. Sun kuma gwada ƙanƙara mai mentol a kan tsofaffi, wato sinadarin da yake sa na'ana'a ta yi sanyi a baki, domin shi ma waɗancan jijiyoyin yake taɓawa. Abubuwan da nas ɗin can ta duba a jikin Baba, su ne su ma suka sa a matsayin sharaɗi: ya farka sosai, yana iya tari da haɗiya, ba tashin zuciya ba amai. In ɗaya ya faɗi, a tsaya a goge baki kawai, a sake dubawa an jima.

Maman Sudais, in ya farka ya nema, a zaune, gutsure ɗaya, ya bari ya narke, kada ya tauna kada ya haɗiye shi dunƙule. Ki ɗan jira kafin na gaba. In ya yi tari, ko murya ta canza kamar yadda Yaya Asabe ta kwatanta, ko cikinsa ya kumbura, ki tsaya ki kira su. In yana gyangyaɗi kada ki saka masa komai.

Baban Yusra: To tunda na'ana'a tana aiki, a sayo masa alewar na'ana'a a kantin unguwa mana, ko cingam. Ko asuwaki, shi ma yana kawo yawu.

Ummu Hanan: Ba a daren nan ba. Alewa mai tauri a bakin tsohon da magani bai sake shi ba tana iya zarcewa ta shaƙe shi. In ya warware gobe ko jibi, cingam mara suga yana taimakawa wajen yawu, wasu likitocin hanji ma da kansu suke cewa a tauna. Asuwaki sabo mai taushi ba laifi in yana zaune da hankalinsa, a dai lura da dasashi don ana yi musu allurar tsinka jini. Abu biyu da nake roƙo a guje musu: lemon tsami, don yana ƙona tsagaggen leɓe kuma bushewar tana dawowa fiye da da, sai basilin in akwai oksijin a hanci, saboda maiƙonsa da oksijin ba sa haɗuwa, ana tsoron gobara. A kantin magani akwai man leɓe mara maiƙo wanda da ruwa aka yi shi, shi za a nema.

Likita Abu Fawwaz: Tunda an samu natsuwa, akwai abin da ya fi damuna a kan tsofaffinmu, kuma ba a cika maganarsa ba. Baba da yake kukan ruwa ya taimaki kansa, ya sa an motsa. Wanda nake jin tsoro shi ne tsohon da ya yi shiru. Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. A 1984 an yi wani gwaji a Ingila, aka hana samari da dattawa masu lafiya ruwa na awa 24. Dattawan jininsu ya fi nuna ƙarancin ruwa, amma sun fi samarin ƙarancin jin ƙishirwa, kuma da aka kawo ruwa ba su sha abin da zai mayar musu ba. Ga shi dama ruwan jikin tsoho ya ragu, saurayi kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, tsoho yana sauka wajen 50, ƙodarsa kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar da. Mu da muke ƙasar nan mun ga abin da zafi ya yi a Hajjin 2024, lokacin da ma'auni ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, da yawansu dattawa.

To a kwana na biyu ko na uku bayan tiyata, ko bayan an koma gida, in kuka ga tsoho ya fara sambatu, bai san dare ba bai san rana ba, yana fizge bututu, ko ya yi lamo yana ta barci ba gaira ba dalili, kada a ce tsufa ne ko iska. Ruɗewar bayan tiyata ce, kuma ƙarancin ruwa yana cikin abubuwan da suke jawo ta. A duba fitsari: in ya ragu, ya yi ja, a gaya wa likita. In an ba da izinin sha, kada a jira sai ya tambaya. A ajiye kofi inda hannunsa zai kai, a riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan.

Yaya Asabe: Likita ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tsofaffinmu da gangan suke ƙin sha. Wata za ta ce ba ta son ta tashe ni cikin dare in kai ta banɗaki. Wani kunyar tasar fitsari yake ji, musamman in 'yarsa ce ko surukarsa take jinya. Wasu kuma alwala suke tattali, a yi ta tun Azahar a riƙe har Isha'i don sake ta wahala ce da ɗinki a ciki. Sai ka kai kofi a ce "na ƙoshi", alhali leɓe ya bushe. Ni dabarata ba na tambaya. Ina haɗa shan da abin da ba sa ƙi: bayan kowace sallah rabin kofi, da lokacin magani cikakken kofi in likita ya yarda. Kuma tun farko nake gaya musu cewa kai su banɗaki shi ne aikina, ba sa takura min.

Malam Abu Huzaifa: Wannan a isar wa iyayenmu da kyau. Zama da alwala falala ce, ba wajibi ba ce, ana neman ta ne lokacin sallah. Mara lafiyar da ruwa zai cutar da shi ko ba zai iya kaiwa gare shi ba, Allah ya ba shi taimama a cikin Alƙur'ani. Haka masu cewa sai sun yi azumin Litinin da Alhamis mako ɗaya da tiyata. Na farilla ma an ɗauke wa mara lafiya ya rama daga baya, balle nafila.

Maman Iman: Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma maganar a riƙa miƙa ruwa ta sa dole in yi magana, kada wani ya ɗauka kowa da kowa ne. Mahaifiyata tana da ciwon zuciya, tana shan Lasix, maganin sa fitsari da yake rage ruwan jiki, kuma likitanta ya ƙayyade mata abin da za ta sha a yini. In ta wuce, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, sai mun kwana a asibiti. Ranar Lahadi za a cire mata matsarmama. Ita ƙishirwa dama abokiyar zamanta ce. Yaya zan yi da ita?

Likita Abu Fawwaz: Kin yi daidai da kika tsayar da ni, Maman Iman. Mai ciwon zuciya irin nata da mai wankin ƙoda, ma'aunin da likitansu ya ba su shi ne doka, kafin tiyata da bayanta. A wurinsu ne ma dabarar sanyi ta fi amfani. Ki auna ruwan yininta a gora ɗaya tun safe, ki ɗebi wani ki daskarar a ƙananan gutsattsari, duk abin da ta tsotsa daga cikin gorar ya fito. Dakakkiyar ƙanƙara kofi ɗaya ana lissafa ta kusan rabin kofin ruwa. Kurkure baki da ruwan sanyi a tofar shi ma yana rage mata ba tare da ya shiga lissafi ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, su ne suke hura ƙishirwar.

Kafin Lahadi za ku ga likitan sa barci. Ki tafi da duk magungunanta a leda. Ki tambaye shi ƙarfe nawa ne ƙarshen shan ruwa, ba ƙarshen cin abinci kaɗai ba, kuma in an ɗaga lokacin aikin ko za ta iya ƙara kurɓa. Ki tambaye shi ko za ta sha Lasix da safiyar ranar ko ta bari, kada ki yanke wannan da kanki. Ki kuma ce a rubuta a fayil cewa a duba ta don ƙanƙara da zarar ta farfaɗo. Bayan sallama in wani abu ya shige miki duhu cikin dare, 937 layin wayar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ne, akwai likitoci a kai.

Hajiya Inna ta Misfala: Ni dai in ni ce a gadon, a jiƙa min shash da Zamzam ya ishe ni, ƙanƙara ku riƙe abarku. Maman Iman, wane lokaci ne aikin ranar Lahadin? Ina so in zo in zauna da ke.

Maman Iman: Sun ce mu iso ƙarfe 6 na safe Hajiya. Zan turo miki sunan asibitin ta akwatinki.